Ina tagar nan take kallo?

Sana'armu haɗa tagogin alminiyam da gilashi ce a nan birnin Kano. Duk wanda ya shigo shago da awo a takarda, kafin a taɓa zancen kuɗi sai na ce, "Alhaji, ina tagar nan take kallo?" Wasu har haushi suke ji, su dai a faɗa musu farashi. Alhali amsar tambayar nan ita ke nuna ko mutum zai iya barci a ɗakinsa da bazara.

Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa auna taga da safe ba. Sai bayan la'asar yake jana zuwa wurin gini, ya kama hannuna ya ɗora a bangon yamma, sannan ya kai ni na arewa. Na yamman kamar tanda, ɗayan kuwa da ɗan sanyinsa. Daga nan sai ya nuna min tsofaffin sorayen cikin gari, na tubali da azara: bango mai kauri, taga 'yar ƙarama can sama. Magina na da sun san rana.

Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin tsakiyar duniya, shi ya sa rana ke bi ta tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta. Tsakanin nan tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma kudu. Tagar arewa ko ta kudu ba ta da wuyar sha'ani. Da bazara rana na can sama da tsakar rana, 'yar rumfa a kan tagar ta isa ta tare ta. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, ranar kan sauko kudu ta leƙo ɗaki daidai lokacin da ake neman ɗumi.

Ta yamma ce fitina. A Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, rana kan sunkuyo daga bayan azahar ta shigo ta ƙarƙashin rumfa kai tsaye. Haske ya ratsa gilashi ya gasa ƙasan ɗaki da bango, zafin kuma ba ya samun hanyar fita. Bulo ya sha ya ƙoshi, da dare ya dinga amayo shi, fanka na juya iska mai zafi. Shi ya sa nake ba da shawara a kai banɗaki ko sito ɓangaren yamma. In ba makawa, a rage faɗin tagar, a tare ranar tun daga waje, ko da darbejiya aka dasa. Labule yana ciki ne, kafin ya yi aiki zafi ya riga ya shigo. Ta gabas da sauƙi, sai dai ta nan iskar hadari ke bugowa da damina, dole robarta ta kama sosai.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu aikin araha. Su yanko alminiyam shara-shara, su liƙa wa gilashi baƙar leda su ce wai tana maganin zafi. Baƙin gilashi shan zafi yake, ya turo wani kaso ciki. Taɓa shi da ƙarfe huɗu ka ji. Shekara ta zagayo leda ta ɓare, ƙurar hunturu na shiga ta kowace kafa, mai gida ya dawo wurinmu gyara, kuma ya nemi ragi!

Mu kowace kusurwa sai mun gwada ta da ma'auni kafin ta bar shago. Wanda zai yi gini, ya kawo mana zanen tun magini bai ɗora bulo ba, mu je filin tare bayan la'asar.