Abin da akwalar Chevelle ta koya mini

Shekara tara na yi ina kanikanci a Kaduna kafin Allah ya kawo ni Amurka, kuma kusan duk a kan Peugeot na ƙare su. 504 ce makarantarmu, wadda ake haɗawa can cikin garin, daga baya 505 ta biyo. Ko ɗaure mini ido ka yi ka miƙo sifana, zan sauke maka kafireta in mayar ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba. Maigidana na lokacin yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: injin shi ne mota, sauran duk kwano ne. Na haddace ta kamar karatun allo, na ɗauko ta har jihar Ohio, kuma ita ta fara kai ni ƙasa.

Garejin da na sami aiki a gefen birnin Columbus na wani dattijon Bature ne, mai ƙarancin magana. Aikin yau da kullum bai wuce birki da salansa da canjin baƙin mai ba, sai motocin zamani da ba sa faɗin ciwonsu sai an jona musu kwamfuta. Amma a ƙuryar garejin ba a rasa wata tsohuwar mota a lulluɓe da tamfol, wadda ake taɓawa in aiki ya lafa. Irin waɗannan ne Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji.

Zamaninsu bai yi tsawo ba. A 1964 injiniyoyin Pontiac, ciki har da John DeLorean, suka ɗauki matsakaiciyar mota mai suna Tempest suka cusa mata injin babbar mota, silinda takwas, lita 6.4, suka sa mata suna GTO. Matasa suka yi mata caa, sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa yana neman ya fi wani ruri. Abin ya kai maƙura a 1970, shekarar da General Motors ta ɗage dokarta ta cikin gida wadda ta ƙayyade girman injin da za a sa wa matsakaitan motoci. Chevrolet ta fito da Chevelle SS 454 (SS shi ne tambarin samfurinta mai ƙwanji), lita 7.4, kuma samfurin da ake kira LS6 an rubuta masa ƙarfin doki 450. Don ka gane, injin 504 ɗinmu lita 2 ne. Daga nan sai gangara. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta matse kamfanoni, 'yan inshora suka tsawwala wa matasa kuɗi, takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a Oktoban 1973 ya ƙarasa abin. Waɗanda suka tsira daga bola su ake farauta yanzu.

Ni ma sai sha'awar ta kama ni. Na ga tallar Chevelle ƙirar 1970 a intanet, da tambarin SS gaba da baya, tana ajiye a wata rumfar gona, tafiyar awa biyu daga inda nake, a farashin da ya kamata ya sa ni zargi amma sai ya sa ni rawar jiki. Na nuna wa dattijon hoton a waya. Ya duba ya ce in bari sai Asabar mu je tare. Ban bari ba. Tsoro nake kada wani ya riga ni, ga kuma wani abu da ban faɗa ba: ni da na yi shekara tara a ƙarƙashin mota, wa zai koya mini duban mota?

Na isa da yamma, rana ta kusa faɗuwa, sanyi kamar zai tsinke kunne. Mai motar ya zuba ɗan fetur a kafireta, ya murɗa makulli, injin ya kama da wata irin ƙara da na ji ta a ƙirjina kafin kunnena. Na yi duk abin da aka koya mini. Na kafa sukundireba a jikin injin na kara kunne, babu ƙwanƙwasa. Na zaro sandar baƙin mai, babu ruwa a ciki. Na tara hannu a bakin salansa, hayaƙin fes. Na zagaya bodin sau ɗaya da fitilar waya, jan fenti yana ɗaukar ido. Na ƙirga kuɗin da na yi kusan shekara biyu ina tarawa na miƙa, muka sa hannu a takarda, janwe ya kawo ta gareji washegari.

Dattijon ko bonet bai buɗe ba. Ya je jikin firijin ofis ya ɓamɓaro wani siririn mayen ƙarfe na talla, ya fara manna shi a jikin motar yana tafiya. A ƙofa ya kama. A saman tayar baya ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya matsa gaba kaɗan, ya sake faɗuwa. Ya buɗe but, ya ɗage shimfiɗar, ya danna sukundireba a ƙasan, sai ga ta ta wuce kamar an soka ta a biredi. Sannan muka ɗaga motar sama, ya haska mini murfin aksul na baya ya ce in ƙirga notukan. Na ƙirga goma.

"Ta SS goma sha biyu gare ta, ɗana," ya ce. Ya ajiye fitilar ya koma kan birkin da yake yi.

Tsatsa ce darasin farko, kuma ban da hujjar cewa ban san ta ba. Ko a gida, wanda ya san mota yana leƙa ƙarƙashin wadda ta daɗe a Legas, don iskar teku tana cin ƙarfe. Amma a Arewa ƙasarmu busasshiya ce, mota sai ta shekara talatin shasinta garau, shi ya sa idonmu bai saba zuwa can ba. A nan kuwa, duk hunturu ana watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana shiga kowane lungu ya kwanta, ya yi ta ci daga ciki. Wannan ne ya sa masu wannan harka ke tafiya har Arizona ko California neman bodi, su biya kuɗin ɗauko ta ba su ji ciwo ba. Motata kuma tana da ƙarin matsala. An taɓa yi mata rufin leda, irin adon wancan zamani, ruwa ya riƙa taruwa a ƙarƙashinsa ya cinye bakin gilashin baya, ya riƙa tsiyaya cikin but shekara da shekaru. Da muka kankare fentin gefen baya, fotin da ke wurin ya kai kaurin ɗan yatsa, a bayansa kuma ragar waya ce da tsohuwar jarida. Wani ya zauna ya sassaƙa siffar mota da foti, kuma gaskiya ya iya hannunsa.

Sai lissafin ya juye mini. Injin da na ɗauka shi ne mota, ashe shi ne abu mafi sauƙi a cikinta. Kayan injin Chevrolet mai silinda takwas sun cika ƙasar nan, ka yi oda yau jibi su iso, ko sabo dal kake so a akwatin katako za a kawo maka. Kwanon da maigidana ke rainawa shi ne ke cin dukiya, domin da awa ake biyan fanalbita, kuma awannin ba su da iyaka. Ana sayar da sababbin kwanukan bodi na kwaikwayo, amma da wuya su zauna daidai, sai an yanka an buga an gwada an sake cirewa. Da zan sake saye yau, zan ɗauki mai lafiyayyen bodi ko da babu injin a cikinta, in bar mai ruri.

Darasi na biyu shi ne asali, kuma nan ne na fi shan mamaki. Daga 1966 zuwa 1968, lambar shasin Chevelle SS tana farawa da 138, ko yaro zai gane ta. Daga 1969 SS ta koma ƙarin kaya da mai saye ke zaɓa a kan Malibu, wato Chevelle ta yau da kullum, don haka a ƙirar 1970 lambar shasin SS da ta Malibu mai silinda takwas iri ɗaya ce. Tambari kuwa ana sayar da shi kamar gyaɗa. Kowa zai iya sayen Malibu, ya manna haruffa biyu, ya ninka farashi. LS6 guda 4,475 aka ƙera, amma masu harkar suna raha cewa waɗanda ke yawo yanzu sun fi haka yawa. Ana gane ta gaske ta ƙananan alamu: notukan aksul, agogunan dashbod masu zagaye (nawa dogo ne a kwance, irin na Malibu, ina kallonsa ranar ban san me nake kallo ba), da guntuwar lambar shasi da aka buga a gaban injin ta ɓangaren fasinja. Nawa injin 454 ne da gaske, amma lambobinsa sun nuna daga wata motar ɗaukar kaya ta shekarun baya aka ciro shi.

Hujjar ƙarshe ta fito ranar da muka sauke tankin mai. A samansa akwai wata takarda da ta yi baƙi ta manne, wadda ma'aikatan masana'anta ke bi wajen haɗa mota, su cusa ta a duk inda hannu ya kai, cikin kushin ko bayan ƙofa ko kan tanki. Dattijon ya ɗaga ta da reza a hankali kamar mai ɗaga fatar ƙuna. Babu Z25, babu Z15, lambobin da ke nuna SS. Da ƙaramin injin 307 ta bar masana'anta. Har yau ban ɗora wa wanda ya sayar mini laifi kai tsaye ba. Mai yiwuwa shi ma haka aka yi masa. Ni dai na yi wa rogo kallon kitse, kuma ba wanda ya rufe mini ido.

Abin da ya fi daɗewa bai shiga kaina ba shi ne bambancin gyara da mayar da abu yadda yake. A Panteka ta Kaduna darajar mutum dabararsa ce. Babu kayan? A ƙera. Na wata mota ya kusa shiga? A goge shi ya shiga. Muhimmin abu mai mota ya tashi ya tafi neman abincinsa, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya har gobe. A wannan harka kuwa, kowace dabara rage daraja ce. Na taɓa jefar da wasu tsofaffin notuka a bola na sa sababbi masu ƙyalli, dattijon ya sa na zazzage bolar na tsince su, wai alamar da ke kansu ta masana'anta ce. A kasuwar tsofaffin kayan mota ta Carlisle da ke Pennsylvania na ga mutane da tabarau suna karanta kwanan watan da aka buga a jikin kafireta, suna biyan ninkin kuɗin sabuwa don ya dace da watan da aka haɗa motarsu. Da farko wauta na ɗauke shi. Daga baya na gane shaida suke saye, don a kasuwar da tambari ba ya tabbatar da komai, ɗan kwanan watan nan shi ne mai rantsuwa. Duk da haka ina ganin wasu sun wuce gona da iri, mutum ya kashe dukiya a mota sannan ya riƙa yawo da ita a tirela don kada taya ta taɓa ƙasa.

Akwai kuma inda sabon hannu ya cuce ni a injin ɗin ma, wurin da nake taƙama. A gida in ka gama sabunta injin, sai ka bar shi a silo ya yi ta bugawa a hankali, wai kada a wahalar da shi. Haka na yi da na sa sabon kamshaf, ranar Lahadi, ba kowa a gareji. Ashe irin wannan tsohon kamshaf da fantsamar mai yake samun laushi, dole tashin farko a riƙe totur wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30. Kuma baƙin man zamani an rage masa sinadarin zinki don kare na'urar tace hayaƙi ta sababbin motoci, alhali shi tsohon injin ke buƙata. Cikin mako biyu na fara jin ƙas-ƙas. Muka yanka filtar mai, ga garin ƙarfe yana walƙiya. Aka sake sauke injin.

Batun leda da alƙalami kuwa kunya ya ba ni. Na saba kwancewa da safe in ɗaure da yamma, kai ya isa. Nan sai ka kwance abu yau, ka dawo kansa bayan shekara biyu, ga gwangwani cike da kusoshi masu kama da juna, duk awon inci ba milimita ba. Yanzu ko ƙaramin maƙale na cire, sai na ɗauki hoto, na sa a leda, na rubuta.

Kuɗin da na ƙiyasta tun farko ya ƙare kafin a gama waldar ƙasan but. Uwargida ta daina tambayar yaushe za a gama, sai dai in na shigo da dare ta ce, "Yaya jikin kishiyar tawa?" Fanalbitan da na kai wa ya riƙe ta wata bakwai, don aikin inshora ya fi kawo kuɗi da sauri, irin nawa sai in an sami sarari. A lokacin ne na roƙi dattijon ya koya mini walda a kan siririn kwano, ɗigo-ɗigo ana tsallakawa don kada zafi ya lanƙwasa shi. Gefen hagu ni na ƙarasa shi da hannuna, kuma mayen ƙarfe yana kamawa daga gaba har baya.

Da yake ta tabbata ba SS ba ce, sai na sami sakewa. Ba wani tarihi da zan ɓata. Na sa mata birki mai faifai a gaba, na canza robobin mai zuwa waɗanda ke jure fetur ɗin yanzu mai gaurayen etanol, na bar mata 454 ɗin motar kaya tunda yana ja. Tamburan SS na ɓalle su na sa a leda, na rubuta, na yi odar na Malibu.

Kwanan baya na kira tsohon maigidana ta bidiyo, na zagaya da shi motar. Har yanzu fentin share fage ne a jikinta, ruwan toka, ba kujerar baya. Ya matso da fuskarsa kusa da waya yana ƙanƙance ido.

"Wannan ce ta shekara uku?"

"Ita ce, Oga."

"Tana tashi?"

Na murɗa makulli. Ya yi shiru yana saurare, ya sa na taka totur sau biyu, ya gyaɗa kai.

"To ai lafiyarta lau. Me kuma ya rage?"