Godiya Ga Waɗanda Suka Duba Labaran 'Yan'uwa Kafin Rufe Gasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta, manya da ƙanana.

Alhamdu lillahi, an rufe karɓar labarai a gasar Hikayata ta bana, kuma duk 'yar'uwar da ta miƙo labarinta don a duba mata ta karɓi abinta kafin wa'adi ya cika. Mu da aka ɗora wa nauyin tsara aikin dubawar a tsakaninmu marubuta muna son mu yi godiya a bainar jama'a, mu kuma bayyana abin da kowa ya yi, don wanda bai ga wahalar ba ya san abin da ake gode wa. Ba za mu kama suna ba, domin da yawansu sun roƙi a sakaya su.

Muna farawa da masu karatun farko, waɗanda aikinsu shi ne duba labarin kansa. Gasar nan, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, tana neman labari mai kalma 1000 zuwa 1500. Mu kuwa yawancinmu hannu ya saba da dogon littafi, wanda ake sakin shafi-shafi har wata uku ana tafiya. Shi ya sa za ka ga labari ya buɗe da kiran sallar asuba, a kwatanta gida tun daga ƙofa har madafi, a kawo tarihin iyaye, kalma 400 sun tafi ba a taɓo matsalar ba. Daga ƙarshe wuri ya ƙure, sai a kashe tauraruwa a hatsarin mota ko a ce ashe mafarki ne. Masu karatun nan tambaya uku suka riƙe: wace ce ke cikin matsala, me take nema, kuma a wane layi labarin ya fara da gaske? Sau da yawa amsar tana sakin layi na uku ko na huɗu. Sun kuma riƙa ƙirga masu suna, domin in suka haura huɗu a ɗan wannan fili, mai karatu zai koma baya yana neman wace ce wace. Allah Ya saka muku da alheri.

Sai malamanmu da antocinmu masu duba ƙa'idojin rubutu, kuma a gaskiya su suka fi kowa shan aiki. Rubutun waya ya koya mana sakaci: ana sa 6 a madadin ɓ, q a madadin ƙ, wasu su rubuta d' ko su bar harafin ba lanƙwasa. Na 6 da q masu sauƙi ne, a umarci manhaja ta nemo su ta musanya a lokaci guda. Wanda aka bari ba lanƙwasa kuwa sai ido, domin na'ura ba ta san ko “baki” ake nufi ko “baƙi” ba, ko “kafa” ko “ƙafa”, ko “bata” ko “ɓata”. Dole a karanta jimla a fahimce ta kafin a taɓa harafi. Haka suka bi raba kalma da haɗe ta: “yazo” ya koma “ya zo”, “shine” ya koma “shi ne”, “bazan” ya koma “ba zan”, “gidan sa” kuma ya koma “gidansa”. Suka bi jinsi, inda aka rubuta “motan” suka mayar “motar”. Suka rage alamar motsin rai da ake jerawa uku-uku.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda suka mutunta karin harshe. Ba su goge Sakkwatanci ko Katsinanci daga bakin taurari ba, tunda haka mutumin wurin yake magana. A bayanin marubuciya ne kawai suka nemi Daidaitacciyar Hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar masu rubuta ƴ a inda mu a Nijeriya muke sa 'y, su ma ba a ce sun yi kuskure ba, an dai shawarce su su tsaya a kan ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ga wani abu da ya kamata kowa ta riƙe don baɗi. Gyaran raba kalma yana ƙara yawan kalmomi. Kowace “tace” da ta koma “ta ce” ta zama biyu a ƙirga, kuma waɗanda ake rabawa sun fi waɗanda ake haɗewa yawa nesa ba kusa ba. Labarin da aka kawo da kalma 1480 yana iya haura 1500 bayan gyara, sai a koma yanka a ƙurarren lokaci. Wadda ta san tana haɗe kalmomi ta tsaya wajen 1350. Masu haɗa fayil ne suka ankarar da mu wannan, su ne kuma suka riƙa kwashe rubutu daga WhatsApp zuwa Word, suna cire alamun tauraro (*) da ake kaurara rubutu da su, suna buɗe fayil ɗin a wata wayar daban don tabbatar da haruffa masu lanƙwasa ba su koma akwatuna ba. Sun koya wa da dama yadda ake ƙara Hausa a Gboard, aikin da bai kai minti biyu ba amma ya raba mutum da rabin wannan wahala. Mun gode ƙwarai.

Muna godiya a kan amana. Ana son labarin gasa ya kasance ba a taɓa wallafa shi ba, don haka ba a saki ko ɗaya a babban zaurenmu na marubuta ba. An cire sunan mai shi, an sa lamba, an tura wa mai dubawa shi kaɗai. Har aka gama ba mu ji an ce layi ɗaya ya fita ba. Masu gyara kuma sun tsaya a kan iyakarsu: su nuna wuri, su faɗi dalili, su bar mai labari ta gyara da hannunta. Wanda ya sake wa wata jimlolinta ya raba ta da muryarta, kuma labarin ya tashi daga nata.

Akwai kuma waɗanda ba su gyara harafi ko ɗaya ba, amma ba don su ba da wasu labaran ba su isa ba. Duk wadda aka mayar wa aiki cike da alamun gyara tana iya karaya, musamman wadda ta saba da sharhin “ma sha Allah, a ci gaba”. Wannan addu'a ce mai daɗi, sai dai ba ta nuna wa marubuci inda ƙarfinsa yake. Waɗannan bayin Allah sun riƙa lura da wadda ta yi shiru kwana biyu bayan karɓar gyara, su kira ta. Akwai saƙon muryar da wata daga cikin iyayenmu a harkar ta aika wa wata ƙaramar marubuciya da tsakar dare, murya ƙasa-ƙasa don kada yara su tashi, ƙarar janareton maƙwabta na shiga ciki. Ta fara karanto mata jimla biyu daga labarin, ta ce a nan kika kama ni, kada ki taɓa su. Sannan ta ce sauran kuwa aikin kwana ɗaya ne, tashi ki yi. Haka ake ƙarfafa gwiwa, da shaida daga cikin rubutun mutum. Dama can haka magabatanmu suka yi, ƙungiyoyin marubutan Kano irin su Raina Kama sun tashi ne da tallata littattafan juna da riƙe hannun sabon shiga.

Ba mu manta da waɗanda suka saya wa wasu data ba, da masu ba da aron kwamfuta, da mazaje da iyayen da suka yi haƙuri da waya a hannu har dare. Allah Ya biya ku.

Muna kuma neman afuwa. Wasu sun karɓi gyaransu a makare saboda labarai sun taru a makon ƙarshe. An sami inda fayil biyu masu suna iri ɗaya suka rikice, aka tura wa mai shi tsohon. Daga yanzu sunan kowane fayil zai ɗauki lamba da kwanan wata, kuma za a daina karɓa saura kwana goma a rufe gasa. Wadda kalmar mai gyara ta yi wa zafi, don Allah ta yafe.

'Yan'uwan da ba su samu kammalawa ba, da maza da suka yi ta dubawa alhali gasar ba tasu ba ce, ku kawo naku rubutun bayan hutun mako biyu, za a bi shi ta hannu ukun nan kamar na kowa. Allah Ya ba mai rabo sa'a, Ya bar zumunci.

Wassalam.