Haƙƙin mamaci a asusun fansho da yadda iyali ke karɓarsa

A gidajen ma'aikata da yawa, idan maigida ya rasu aka share makoki, abin da iyali suka sani game da fanshonsa bai wuce cewa "ana cire masa wani abu a albashi" ba. Wannan abin da ake cirewa kuwa dukiya ce mai suna da lamba. Tun da aka kafa dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin gwamnatin tarayya da na kamfani mai zaman kansa yana da asusun kansa a hannun kamfanin kula da fansho, bisa dokar 2014 ana zuba masa aƙalla kashi 18 cikin ɗari na albashinsa duk wata, kashi 8 daga albashinsa, kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma tana sa ido. Sojoji ba sa cikin wannan tsari, jihohi kuma kowace da dokarta, don haka iyalin ma'aikacin jiha sai su fara tambaya a hukumar fanshon jiharsu.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar wanda mamaci ya rubuta a fom a matsayin ɗan uwa mafi kusa tamkar shi ne magaji. Shi wannan mutum ne da za a tuntuɓa kawai. Kamfanin ba zai saki kuɗin asusun ba sai an kawo masa wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, ko kuma, a jihohin Arewa, umarni mai hatimi daga kotun yanki, tare da takardar shaidar mutuwa. A ganina wannan sharaɗi alheri ne ko da yake yana cin lokaci, domin da babu shi, da ƙanen da aka rubuta sunansa tun mamaci yana saurayi ya kwashe komai ya bar mata biyu da marayu suna kallo. Da kotu a tsakani, kuɗin yana shiga cikin gado a raba shi yadda shari'a ta tanada.

Akwai kuɗi na biyu wanda galibi ake mantawa da shi. Doka ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsu na shekara ba, idan kuma bai yi ba, shi zai biya daga aljihunsa. Wannan kuɗi ba ya cikin asusun fansho, ta ofishin da mamaci ya yi aiki ake nemansa, kuma sau da yawa ya fi abin da ke asusun yawa idan mutum ya rasu bai daɗe a aiki ba. Iyalin da ba su tambaya ba, da wuya wani ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ya tuna musu.

Abin da ke jan lamarin watanni shi ne saɓanin suna. Takardar ɗaukar aiki ta ce Muhammad, katin NIN ya ce Mohammed, banki kuma yana da wata ranar haihuwa dabam, sai ma'aikacin da ke bayan teburi ya mayar da ambulan ya ce a je a yi rantsuwa a kotu a dawo. Ga matar tana cikin takaba na wata huɗu da kwana goma, wanda ke zirga-zirgar kuma ƙila bai ma san sunan kamfanin ba. Duk wannan gyara ne da mai asusun zai iya yi da kansa tun yana raye, sannan ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye lambar asusun.

Wanda ya riga ya yi ritaya, zaɓin da ya yi ne ke yanke hukunci. Idan yana karɓa wata-wata daga asusunsa, ragowar ta magada ce. Idan kuwa ya mayar da kuɗin ga kamfanin inshora don a biya shi har ƙarshen rayuwa, magada suna da haƙƙi ne kawai idan ya rasu cikin shekaru 10 na farko, sai a ba su abin da ya rage na waɗannan shekarun.