Abin da dutsen wasa ya koya mini a shagon Baba

Ranar farko da Baba ya bar ni in wasa kurfi da kaina, ƙone shi na yi. Na danna bakinsa a kan dutsen injin wasa kamar mai huce haushi, tartsatsi na tashi ina ta jin daɗi, kafin in ankara baki ya yi shuɗi. Baba ya karɓa, ya jujjuya shi, ya ce, "Yaro, ƙarhen ga ya mutu. Ina kaka gaggawar zuwa?"

Kurfin ƙirar Maƙera Assada ne, unguwar maƙera a Sakkwato, daga ƙarfen sifirin mota aka fitar da shi. Irin wannan ƙarfe, zafi na kaiwa wajen digiri 300 sai ya yi shuɗi, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi. Sai da na cinye duk wurin da ya ƙone, a hankali, ina tsoma shi a ruwa, kafin ya koma yanka. Kurafen da ake kawowa daga waje don injin juya itace, masu tambarin HSS, sun fi jure zafi nesa ba kusa ba, amma su kuma ba a tsoma su a ruwa da zafinsu, don bakin kan yi 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani.

Daga baya muka sa mai walda ya haɗa mana madogara. Sanda ce ta ƙarfe da ke shiga ƙarƙashin injin, a ƙarshenta akwai ɗan aljihu inda gindin ƙotar kurfi ke zama. Ka zaunar da ƙota, ka kwantar da baki a kan dutse, ka mirgina shi hagu da dama. Kullum kusurwa ɗaya yake fitowa, kuma ƙarfe kaɗan ake ci. Babban kurfin da muke fara rage itace da shi in za mu yi ƙafar gado ko ta tebur, kusurwar wajen digiri 45 muke ba bakinsa. Na sassaƙar hannu sun fi siriri, 20 zuwa 25, sai dai in ƙirya za a sassaƙa, a nan dole a ƙara wa baki kauri, in ba haka ba ya ɓantare. Duk wanda ya taɓa fafe turmin ƙirya ya san abin da nake faɗa.

Na shiga yarda da madogarar nan fiye da idona. Na ɗiga fenti a jikin sandar, kullum nan nake ɗaure ta. Bayan wasu watanni kurfi ya daina fitar da dogon ɓawo, sai gari kawai yake kankarowa, ni kuwa ina ta zargin itace. Ashe dutsen ne ya zaizaye ya rage girma. Sandar na nan inda fentina yake, amma baki ya koma taɓa dutsen daga ƙasa-ƙasa, kusurwar ta yi kauri, ni kuma kullum ina ƙara maimaita ta da hannuna. Yanzu kafin in kunna inji, tawadar alƙalamin maka nake shafa wa bakin, in juya dutsen da hannu. In tawadar ta goge daga sama har ƙasa, saiti ya yi. In gefe ɗaya ta goge, sai in matsar da sandar.

Bayan inji, ƙaiƙayin ƙarfen da ya lanƙwaso a baki da fata muke cire shi, guntun jar fatar akuya da muka liƙa a katako. A Sakkwato dai ba a rasa ta.

Gizagon Baba kuwa bai taɓa zuwa kusa da madogara ba. Da la'asar yake jawo shimfiɗaɗɗen dutsensa gindin dogon yaro, ya yayyafa ruwan buta, ya yi ta goga yana sauraron rediyo. In ya gama sai ya gwada a farcen babban yatsansa, ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Na taɓa auna bakin a ɓoye, sati biyu a jere, ban ga bambanci ba.