A zafin Yamai, rage wa katin girafik wuta ya fi ƙara masa

Duk wanda ya buɗe MSI Afterburner, manhajar saita wuta da gudun kati a kwamfuta, da niyyar ƙara wa katin girafik gudu, sandar ƙarfin wuta hannunsa ke fara kai wa. Aikin gyara ya koya mana cewa ba daga nan ake farawa ba, balle a Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40.

Lissafin ga shi. Idan aka ɗaga wuta daga milibolt 1000 zuwa 1100, a ido kashi 10 cikin ɗari aka ƙara, amma abin da kati zai ci ya hau da kusan kashi 21, kuma duk zafi zai koma. Katunan NVIDIA kuwa, tun daga jerin GTX 10 na 2016, da kansu suke sauke gudu, megahaz 13 zuwa 15 a kowane mataki, yayin da suke ɗumama, kuma yawancinsu digiri 83 aka tsayar musu. Wutar ma an kulle ta a wajen milibolt 1093, ko da an tura sandar har ƙarshe. Shi ya sa mai ƙara wuta a ɗakin da fanka kaɗai ke aiki yake murna na ƴan mintoci, sannan kati ya dawo ƙasa da inda ya faro.

Abin da ke biya shi ne nemo mafi ƙarancin wutar da kati zai riƙe gudunsa da ita. A danna Ctrl da F, layin wuta da gudu zai fito. A kama ɗigon milibolt 900, a ɗaga shi zuwa gudun da ake so (RTX 3070 da yawa suna riƙe megahaz 1900 a nan), a kwantar da duk ɗigogin da ke damansa su daidaita da shi, a tabbatar. Sai gwaji da Unigine Superposition, manhajar da ke gwada kati ta ba shi maki, ko wasa mai nauyi, aƙalla rabin awa. In allo ya yi baƙi ko direba (manhajar da ke tafiyar da katin) ya faɗi, a rage megahaz 15 ko a matsa zuwa milibolt 925. Da tsakar rana ake wannan gwaji. Katin da ya tsaya da asuba cikin hunturu ba lallai ya tsaya da azahar a bazara ba. Kuma kada a kwafi lambar wani, ko da katinku iri ɗaya ne.

Memori tana da nata yaudarar. Nau'in memori na GDDR6 in ta ci karo da kuskure sake aika bayanin take yi, don haka ba lallai hoto ya wargaje ba, makin gwaji ne ke raguwa a ɓoye. A riƙa ƙara megahaz 100-100, da zarar maki ya daina hawa a koma baya. GDDR6X kuma tana janye gudu a digiri 110, manhajar HWiNFO na nuna wannan. Katin da aka saya na hannu, musamman waɗanda suka cika kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum a Satumba 2022, a fara busa masa ƙura, a sauya man sanyayawa. Ƴan katifun ɗauke zafi na kan memori kuma a auna kaurinsu: wanda ya sa na milimita 2 a gurbin 1.5 ya ɗage ƙarfen sanyayawa daga kan kwakwalwar katin.

Akwai masu liƙa rezistans irinsa da dalma a kan mai alamar R005, wanda kati ke auna wutar da yake ci da shi, miliom 5 ya koma 2.5, kati ya riƙa ganin rabin wutar da yake ci. Dabarar tana aiki, amma ba ma ba kowa shawararta a nan. Soket mai ƙafa 8 wat 150 aka ƙayyade masa, ramin PCIe da ake soka katin a ciki wat 75, kuma bayan liƙin babu manhajar da za ta ƙara faɗin gaskiyar abin da ke ratsa su. Galibi warin roba mai narkewa ne sanarwar farko.