Yadda na mayar da ajina majalisar Amurka ta 1783

Ɗalibaina sukan ɗauka labarin 'yancin Amurka ya ƙare a 1781, ranar da sojojin Ingila suka miƙa wuya a Yorktown. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi tsaya mini a rai: sojojin da suka ci yaƙi suna zaune a sansani ba albashi, majalisar ƙasa kuma ba ta da ko sisi. Bana sai na ce ba zan ba da darasin da baki ba, su za su zauna su yi shi da kansu.

Na raba ajin gida goma sha uku, kowane gida jiha ɗaya mai ƙuri'a ɗaya. Na rubuta dokokin wancan zamani a allo: majalisa ba ta da ikon ɗora haraji, sai dai ta roƙi jihohi, maganar kuɗi ba ta wucewa sai jihohi 9 sun yarda, gyaran dokar kuwa sai duka 13. A bayan aji na zaunar da hafsoshin soja, kowa riƙe da alkawarin da majalisa ta yi musu a 1780, wato rabin albashi har ƙarshen rayuwa.

Yaron da ya zama Robert Morris, mai kula da baitulmali, ya miƙe ya nemi a yarda da harajin kashi 5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su. Hannuwa suka tashi, ban da na yarinyar da ke riƙe da Rhode Island. Da gangan na ba ta ainihin hujjojin jihar, don kada a mayar da ita muguwa a banza. Ta ce nauyin harajin zai fi faɗawa kan jihohin da ke rayuwa da fatauci, kuma za a turo musu masu karɓar kuɗi waɗanda jiha ba ta da iko a kansu. Ta ƙara da nata: "Ba a kan haraji muka yaƙi Ingila ba?" Aji ya kaure. Wani ya juyo ya ce, "Malam, yanzu ita kaɗai za ta hana mu duka?" Na ce haka aka yi a 1782.

A nan na ga abin da bayani bai taɓa kawo mini ba. Yaran da suka shigo suna cewa 'yan majalisar azzalumai ne, sai ga su sun kasa fitar da ko kwabo alhali suna so.

Daga nan muka bi abin da ya faru. A ranar 15 ga Maris 1783 Janar Joj Washinton, babban kwamandan sojan Amurka, ya shiga taron hafsoshi a sansanin Newburgh, inda ake raɗe-raɗin ƙin ajiye makamai, ya kwantar da su. Mako guda bayan haka majalisa ta musanya rabin albashin nan da cikakken albashin shekara 5. Hafsoshina suka yi tafi. Sai na miƙa musu takardun bashi masu ruwa kashi 6, domin abin da aka bayar ke nan, ba kuɗi a hannu ba. Ƙananan sojoji kuwa an sallame su gida da takardar albashin wata 3.

A watan Yuni wasu ɗaruruwan sojoji suka kewaye zauren da majalisa ke zama a Filadelfiya. Hukumar jihar Pennsylvania, inda Filadelfiya take, ta ƙi kiran dakarunta, majalisa ta kwashe ta koma Princeton. Mu ma muka ɗauki kujeru muka koma gindin darbejiya.

A can na saki wani yaro da aljihu cike da alewa ya riƙa sayen takardun sojoji. Na ce wa sojojin, gida na da nisa, iyali na jira, kuma ba wanda ya san ranar biya. Kusan duka suka sayar, takarda mai daraja goma a kan alewa biyu. Duk malamin da zai gwada wannan darasi, kada ya bar wannan mai saye a baya, kuma ya ware darasi biyu, don ɗaya ba ya isa.

Sai muka tsallaka zuwa 1790. Tsarin mulkin 1787 ya ba gwamnatin tarayya ikon haraji, sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya kawo shirin biyan bashin, amma wanda takarda ke hannunsa za a biya. James Madison, wani ɗan majalisa, ya nemi a raba, mai saye ya sami nasa, sojan da ya sayar cikin matsi ya sami ragowar. Majalisa ta ƙi. Ajina ya rabu biyu: wasu suka ce ciniki ya riga ya faɗa, kuma in an warware shi ba mai sake ba gwamnati rance, wasu suka ce ba a kiran sayarwar mai yunwa ciniki. Hujjar farko tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma da suka matsa sai na faɗi nawa, na ce ina tare da Madison, domin gwamnatin da ta jinkirta biya ita ta tilasta wa sojan sayarwa.