Daren da na kwashi mutane zuwa hanyar Gwarzo kallon jerin Starlink

Har yau in na tuna daren nan sai raina ya sosu, kuma ba komai ya ja min ba illa sikirinshot guda ɗaya da ya kwana tara a wayata.

Na kusa shekara biyu ina bibiyar taurarin ɗan adam daga saman benen gidanmu a Gwammaja, da manhajar Heavens-Above mai nuna lokacin wucewarsu nake amfani. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, dai ba ta taɓa ba ni kunya ba, in an ce za ta ɓullo daga kudu maso yamma bayan magariba to za ta ɓullo ɗin, fara tas kamar Zara, ba ta ƙyaftawa irin jiragen da ke sauka filin Malam Aminu Kano, ta yi minti huɗu ko biyar tana ratsa sama sannan ta dushe in ta shiga inuwar duniya. Wannan sabon ne ya sa na saki jiki.

To sai kamfanin SpaceX na Amurka suka harba wani sabon rukuni na Starlink, wato taurarinsu masu ba da intanet, na duba na ga nan da kwana tara za su bi ta saman Kano da almuru, kuma can sama sosai ba gefen gari ba. Duk wanda ya taɓa ganin jerin nan ya san abin da nake nufi, ɗigo-ɗigon haske a layi ɗaya kamar an zare carbi an shimfiɗa a sama. Ni sau ɗaya na taɓa gani, da asuba, ni kaɗai, kuma da na ba da labari a majalisa babu wanda ya yarda. Shi ya sa wannan karon na ce wallahi sai na tara shaidu. Na ɗauki sikirinshot ɗin jadawalin, na tura wa ƙannena da abokai, na je har gida na roƙi Kawu ya zo, mutumin da ba ya fita bayan isha'i. Na yi shatar adaidaita sahu biyu zuwa da dawowa, muka fita ta hanyar Gwarzo har muka bar fitilun gari a baya.

A cikin kwana taran nan ban sake buɗe manhajar ba ko sau ɗaya. Data ta ƙare, na saka wata, amma ban ga dalilin sake dubawa ba tunda ga lokaci a rubuce.

Muka tsaya a bakin wata gona, mu goma sha ɗaya, kowa ya ɗaga kai. Lokaci ya yi, shiru. Minti biyar, minti goma. Ƙaramin ƙanina ya ja min riga yana cewa "Yaya ko sun wuce ne ba mu gani ba?" Kawu yana zaune kan dardumar da muka shimfiɗa masa, hularsa a gwiwa saboda ɗaga kai, bai ce komai ba sai can ya ce "Ɗan nan, sauro fa ya yi yawa." Masu adaidaita suka fara maganar ƙarin kuɗin jira. Na yi ta ƙoƙarin buɗe manhajar, sabis ya ƙi. Haka muka juyo, kuma a hanya ba wanda ya yi min dariya, wanda ni da sun yi dariyar ma da ya fi min sauƙi.

Sai da na isa gida na sabunta bayanan na ga jadawalin ya canza gaba ɗaya, wucewar da na tara mutane dominta ta gusa, kuma jerin ma ya riga ya fara warwatsewa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san dalilin tun da can, kawai ban haɗa shi da kaina ba. Sababbin Starlink a ƙasa-ƙasa ake sakin su, wajen kilomita 300, daga nan kowanne ya riƙa hawa da ɗan injinsa zuwa inda zai zauna, wanda a wancan lokacin wajen kilomita 550 ne. Tauraro in ya hau sama zagayensa yana ƙara tsawo, sai ya riƙa makara. Ko sakan 20 ne ya ƙaru a zagaye ɗaya, a rana suna zagaye kusan 15, minti biyar ke nan a yini, to ka lissafa kwana tara, alhali duk wucewar ba ta fi 'yan mintuna ba. Wanda kuma ba a ɗaga shi ba, iskar nan 'yar siririya da ta rage a can sama tana goga masa tana jan shi ƙasa, zagayen ya gajarce, sai ya riga lokacin da ka rubuta. Ta ko'ina dai tsohon jadawali ba abin riƙewa ba ne.

Kuma jan iskar nan ba wasa ba ne. A watan Fabrairun 2022 SpaceX sun harba guda 49, guguwar rana ta sa iskar sama ta kumbura, kusan 40 daga ciki suka dawo suka ƙone tun ba su fara aiki ba. Ita kanta ISS da ke kilomita 400 da ɗoriya kullum tana ɗan yin ƙasa, sai an riƙa cicciɓa ta lokaci-lokaci, yawanci da injin kumbon Progress na Rasha. Namu tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, da aka harba a 2011 shi yana can kusan kilomita 36,000, wannan matsalar ba ta kai gare shi, amma kuma ba ka ganin sa da ido.

Yanzu ba na gayyatar kowa sai na sabunta jadawali da la'asar ɗin ranar, in sake dubawa kafin in bar inda akwai sabis. Jerin Starlink kuwa in ya wuce kwana uku ko huɗu da harbawa ba na yi wa kowa alƙawari, haka in hazon hunturu ya sauko, don Kano in ta yi hazo ko ISS da ƙyar kake hango ta. Kuma ba na ƙara yin shatar abin hawa saboda wucewar minti biyar, saman bene ya wadatar.

Bayan kamar wata biyu na samu ISS za ta bi ta tsakiyar sama, na duba sau uku a yinin, na je na tsaya ƙofar gidan Kawu ana idar da magariba. Ya fito da carbinsa, na nuna masa da yatsa, ya bi ta da ido har ta dushe ta wajen gabas, ya ce "Ikon Allah, kuma ka ce da mutane a ciki?" Na ce e Kawu, tun shekarar 2000 ba ta taɓa zama babu mutum ba, kuma ana shirin sauko da ita cikin teku bayan 2030. Ya gyaɗa kai ya shige gida. Maganar jerin Starlink dai na sake taso masa da ita sau biyu, duka biyun cewa ya yi in bari sai an ga yadda hali ya yi.